Ambroise Paré: Wanzamin da ya haɗa kai da maƙeri don nakasassu su koma sana'a

Da wuya ɗalibin tiyata ko mai koyon haɗa ƙafar roba ya kammala karatunsa, a kowace ƙasa yake, bai ci karo da sunan Ambroise Paré ba. Bafaranshe ne da ya rayu daga wajen shekarar 1510 zuwa 1590. Bai taka ƙofar jami'a ba, bai kuma iya Latin ba, harshen da malaman Turai suke karatu da rubutu da shi a wancan zamani. Da aska ya fara neman abinci, kamar kowane wanzami. Amma kafin ya bar duniya sai da ya zama likitan tiyatar sarakunan Faransa huɗu a jere, ya kawar da al'adar ƙona raunin bindiga da tafasasshen mai, ya farfaɗo da ɗaure jijiya da zare wajen yanke gaɓa, sannan ya bar wa na baya zane-zanen hannu da ƙafa na ƙarfe waɗanda ake lissafawa cikin tushen fasahar ƙera kayan taimakon jikin ɗan Adam.

Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne yadda ya fahimci iyakar aikinsa. A wurin yawancinsu, da zarar an yanke ƙafa, jini ya tsaya, majinyaci bai mutu ba, to magana ta ƙare. Shi kuwa Paré yana ganin da sauran aiki har sai mutumin ya miƙe, ya yi tafiya, ya koma ga abin da yake ci da shi. Wannan fahimta ce ta fitar da shi daga ɗakin jinya ta kai shi bakin maƙera.

Haihuwarsa da koyon sana'a

An haifi Paré a ƙauyen Bourg-Hersent da ke kusa da garin Laval, a arewa maso yammacin Faransa. Gidansu na masu sana'ar hannu ne, kuma yayansa wanzami ne a garin Vitré. Wanzamin Turai na wancan lokaci, kamar na ƙasar Hausa, aikinsa bai tsaya ga aski ba. Shi ke yin ƙaho, ya tsaga maruru, ya cire haƙori, ya wanke rauni ya ɗaure.

Masu aikin lafiya a birnin Faris sun kasu hawa uku. A sama akwai likitocin jami'a, waɗanda suka haddace littattafan magabata da Latin, suna rubuta magani amma suna ganin taɓa jini da mugunya ƙasƙanci ne. A tsakiya akwai ƙungiyar likitocin tiyata ta Saint-Côme, masu dogayen riguna. A can ƙasa kuma sai wanzamai, waɗanda su ne suke yin mafi yawan aikin da hannunsu, su ne kuma ake turawa fagen daga.

A farkon shekarun 1530 Paré ya isa Faris, ya sami gurbi a Hôtel-Dieu, babban asibitin talakawan birnin, inda ake kwantar da majinyata biyu ko uku ko fiye a gado ɗaya. Ya yi wajen shekara uku a can yana wanke gyambo, yana taimakawa wajen tiyata, yana kuma feɗe gawa don sanin yadda jiki yake a ciki. Daga baya ya sha nanata cewa abin da ya gani da idonsa a wannan asibiti shi ne jarin da ya yi aiki da shi har tsufansa.

Daren da mai ya ƙare

A 1536 yaƙi ya sake ɓarkewa tsakanin Sarki François na Ɗaya na Faransa da Sarki Charles na Biyar, mai mulkin Sifaniya da daular Jamus. Paré, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya bi rundunar Faransa zuwa arewacin Italiya a matsayin wanzamin kwamandan sojan ƙasa, René de Montejean.

Abin da ya fara gani bai taɓa barin zuciyarsa ba. Ya shiga wata barga don ɗaure dokinsa, sai ya tarar da sojoji uku jingine da bango, albarushi ya babbake su har ba a gane fuskokinsu. Wani tsohon soja ya tambaye shi ko akwai dabarar ceto su, ya ce babu. Nan take tsohon ya yanka su ɗaya bayan ɗaya, ba cikin fushi ba, ya kuma nuna cewa shi ma abin da zai so a yi masa ke nan idan ya faɗa irin wannan hali. Haka darajar wanda ya ji mummunan rauni take a yaƙin wancan ƙarni.

Bindiga sabuwar aba ce a lokacin, kuma raunin da take yi ya rikita masana. Giovanni da Vigo, likitan Fafaroma, ya rubuta a littafinsa na 1514 cewa albarushi dafi ne, don haka dole a ƙone dafin. Hanyar da kowa yake bi ita ce a tafasa mai a tsiyaya shi cikin ramin da harsashi ya yi. Paré ma haka ya riƙa yi, domin haka ya karanta, haka kuma ya ga manya suna yi.

A 1537, bayan wani gumurzu na karɓe wata ganuwa a kan hanyar birnin Turin, masu rauni suka yi yawa har man ya ƙare. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya kwaɓa gwaiduwar ƙwai da man wardi da man ƙaron itace ya shafa wa waɗanda suka rage. Daren nan bai runtsa ba, don yana tsoron zai wayi gari ya tarar dafi ya kashe su. Da asuba ya zagaya. Waɗanda ya shafa wa haɗin sun sami barci, rauninsu bai kumbura ba, zafin kuma da sauƙi. Waɗanda aka ƙona da mai kuwa zazzaɓi ya rufe su, raunin ya kumbura, suna ta murƙususu. Gani ya kori ji. Tun daga ranar ya ƙudura cewa ba zai sake ƙona wanda bindiga ta harba ba.

Wannan dare ya koya masa ɗabi'ar gwada magani kafin ya yarda da shi, ko daga bakin wa ya fito. Wata tsohuwa 'yar ƙauye ta faɗa masa cewa dakakkiyar albasa da gishiri tana hana ƙuna yin bororo. Bai raina ta ba. Ya shafa wa wani mai ƙuna a ɓangare ɗaya na fuska, ya bar ɗaya ɓangaren da maganin da aka saba, ya kwatanta sakamakon.

Bayan rasuwar Montejean a 1539 ya koma Faris. A 1541 ya ci jarrabawar zama cikakken wanzami mai lasisi, ya kuma auri Jeanne Mazelin. A 1545 ya fitar da littafinsa na farko, a kan jinyar raunin bindiga. Da Faransanci ya rubuta shi, harshen kasuwa da bariki, domin wanzaman da suke bin runduna su iya karantawa.

Zare a maimakon wuta

Babbar matsalar yanke gaɓa a wancan zamani ita ce zubar jini. Babu maganin sa barci, babu ƙarin jini. Ƙarti ne suke danne majinyaci, a yanke nama da wuƙa, a datse ƙashi da zarto, sannan a ɗauko jan ƙarfe daga wuta a yi wa dungun lalas don toshe jijiyoyi. Da yawa suna mutuwa a wurin saboda azaba. Wanda ya tsira kuma, idan ɓawon ƙunar ya faɗi bayan kwanaki, jini yakan sake ɓallewa. Ko da ya warke, dungun yakan zama mai tabo da tsami, ƙashi a kusa da fata, ba ya jure a ɗora masa nauyi.

Ɗaure jijiya da zare ba sabon abu ba ne. Likitocin Rum na dā sun ambace shi, haka ma Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus da ya rasu wajen 1013, ya kawo shi cikin hanyoyin tsayar da jini a littafinsa At-Tasrif. Abin da Paré ya yi shi ne ya ɗauko dabarar ya shigar da ita cikin yanke gaɓa. A 1552, lokacin da aka kewaye garin Damvillers, harsashin igwa ya ragargaza ƙafar wani hafsa. Paré ya yanke ƙafar, ya kamo bakin kowace jijiya da wani hantsaki mai kama da bakin hankaka, ya ɗaure ta da zare, bai kusantar da wuta ba. Hafsan ya warke, ya koma gida da ƙafar katako yana murna.

Dabarar tana da nata cikas. Tana cin lokaci, ga majinyaci ido biyu yana jin komai. Zaren kuma yakan shigar da ƙwayoyin cuta, abin da babu wanda ya san da shi a lokacin. Shi ya sa ba ta zama ruwan dare ba sai bayan da Jean-Louis Petit ya ƙera maɗaurin tsayar da jini mai juyawa a 1718, aka fara tiyata da maganin sa barci a 1846, sannan Joseph Lister ya fito da hanyar kashe ƙwayoyin cuta a 1867. Duk da haka, dungun da aka ɗaure da zare ya fi na wuta laushi da lafiya, kuma shi ne irin wanda za a iya sa wa ƙafar aro.

Daga ɗakin jinya zuwa maƙera

Tun kafin Paré mutane suna ƙoƙarin maye gurbin gaɓar da suka rasa. A Masar an tono gawar wata mata mai babban yatsan ƙafa na katako da fata, wanda ya kusa shekara dubu uku. Malam Zamakhshari, mai tafsirin Al-Kashshaf, wanda ya rasu a 1144, da ƙafar katako ya yi tafiye-tafiyensa na neman ilimi. Wani barden Jamus, Götz von Berlichingen, ya sa an ƙera masa hannun ƙarfe bayan ya rasa nasa a 1504. Sai dai a duk waɗannan, mai lalurar ne yake neman masassaƙi ko maƙeri da kansa. Likita ba ya ganin abin ya shafe shi.

Paré ya sauya wannan. Da yake lissafa ayyukan likitan tiyata, ya kasa su biyar, na biyar ɗin shi ne cike abin da jiki ya rasa, ko da shi aka haifi mutum ko haɗari ne ya jawo. Ya keɓe wa wannan fanni babi na musamman a rubuce-rubucensa, kuma zane-zanen gaɓoɓin aro sun fito a littafinsa na tiyata na 1564.

Ya fara tunanin ƙafar aro tun kafin ya ɗora wuƙa. Ya ba da shawarar cewa idan za a yanke ƙwauri, a bar kimanin faɗin yatsu biyar a ƙasan gwiwa, domin irin ƙafar katakon da ake yi a lokacin, a kanta mutum yake durƙusa gwiwarsa, dogon dungu kuwa sai ya yi ta leƙowa ta baya yana hana sakewa. Ya kawo labarin wani kyaftin ɗin jirgin ruwa da igwa ta cire wa ƙafa a wajen idon sawu, wanda bayan ya warke ya ga ragowar ƙwaurin ta zame masa kaya, har ya nemi a sake yanke ta kusa da gwiwa don ya ji daɗin tafiya. A yau ma'aunin ya canza, saboda an sami ƙafafun da suke karɓar dogon dungu. Amma ƙa'idar tana nan: likita ya yanke da sanin abin da za a sa wa mutum daga baya.

Da yake shi ba maƙeri ba ne, sai ya nemi wanda ya iya. A Faris akwai wani gwanin ƙera kwaɗo da makulli da ake yi wa laƙabi da Ƙaramin Balorene, wato ɗan yankin Lorraine. Paré ya san inda kowace jijiya take da yadda gaɓa take lanƙwasa, maƙerin kuma ya san sifirin da sakata da haƙoran ƙarfe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga wurin wannan maƙeri ya samo fasalin hannun ƙarfe mai yatsu masu motsi, waɗanda ake lanƙwasawa su kama abu su riƙe, a danna maɓalli su saki. An ruwaito cewa wani kyaftin ɗin sojan Faransa ya koma fagen daga da irin wannan hannu yana riƙe linzami da shi. Paré bai ɓoye sunan abokin aikinsa ba, ya kuma sa aka zana cikin na'urar dalla-dalla, da sunan kowane ƙarfe, domin wani maƙerin a wani gari ya iya kwaikwaya.

Ga wanda aka yanke wa ƙafa a cinya, ya kawo fasalin ƙafa mai gwiwa. Idan mutum ya tsaya ko yana tafiya, sakata tana kulle gwiwar don kada ta lanƙwashe ya faɗi. Idan zai zauna ko zai hau doki, sai ya ja wata igiya sakatar ta buɗe. Akwai kwandon da dungu yake shiga, da maɗauran fata da suke riƙe ƙafar a jiki. Waɗannan abubuwa uku, wato mazaunin dungu da maɗauri da gwiwa mai kullewa, har gobe suna cikin ƙafafun da ake haɗawa. Ƙafar tana da nauyi da tsada, sai mai hali. Saboda haka ya zana wata ta katako zalla, mai sauƙin sassaƙa, domin talakawa.

Bai tsaya ga hannu da ƙafa ba. Ya bayyana idon aro na zinariya ko azurfa da aka yi wa fenti, da hancin aro, da haƙoran aro, da faifan toshe ganda ga wanda harsashi ko cuta ta huda masa ita har magana ta gagara. Ya kawo rigar ƙarfe mai huji-huji don miƙar da karkataccen gadon baya, da takalmin gyara ƙafar yaron da aka haifa da ita a murɗe, da wata 'yar na'ura mai riƙe alƙalami ga wanda ya rasa hannun rubutu.

Sauraron majinyata ya sa ya lura da wani abu da wasu suka ɗauka sambatu ne. Mutanen da aka yanke wa ƙafa sukan yi kukan cewa ƙafar da babu ita tana yi musu ciwo, watanni bayan an binne ta. Paré ya rubuta wannan a matsayin ciwo na gaskiya. Sai a 1871 wani likitan Amurka, Silas Weir Mitchell, ya laƙaba masa sunan da ma'anarsa ita ce fatalwar gaɓa.

Likitan sarakuna huɗu

A 1552 Sarki Henri na Biyu ya ɗauke shi cikin likitocin fada. A ƙarshen shekarar aka shigar da shi birnin Metz a ɓoye, da magunguna, alhali rundunar Charles na Biyar ta yi wa birnin zobe. A 1553 abokan gaba suka kama shi a Hesdin. Ya sami 'yancinsa ba tare da biyan fansa ba bayan ya yi jinyar wani tsohon gyambo a ƙafar ɗaya daga cikin manyan hafsoshinsu. A 1554 ƙungiyar Saint-Côme ta karɓe shi, ta kau da kai daga rashin Latin ɗinsa, domin tana bukatar mai faɗa a ji a fada.

A ranar 30 ga Yuni, 1559, tsinin mashi ya shiga ta idon Sarki Henri na Biyu a wajen wasan barade. Paré yana cikin waɗanda suka yi jinyarsa, tare da Andreas Vesalius, shahararren masanin sassan jiki. Sarkin ya rasu a ranar 10 ga Yuli. Paré ya ci gaba da aiki da 'ya'yansa uku da suka gaje shi bi da bi, François na Biyu da Charles na Tara da Henri na Uku, kuma a 1562 aka naɗa shi shugaban likitocin tiyatar sarki.

An ce wanzami ba ya son jarfa, amma shi ta zo masa har gida. A 1561, yana ƙoƙarin shigar da dokinsa jirgin fito, dokin ya harbe shi ya karya masa ƙasusuwan ƙwaurin hagu biyu, har ƙashi ya huda fata. Irin wannan karaya a lokacin takan ƙare da yanke ƙafa ko mutuwa. Yana kwance ya riƙa ba abokin aikinsa umarnin yadda za a ja ƙafar, a cire ɓaraguzan ƙashi, a ɗora. Bayan watanni ya tashi, bai ko ɗingisa ba.

Zamanin na yaƙin basasa ne tsakanin Katolika da Furotesta. A ranar 22 ga Agusta, 1572, aka harbi jagoran Furotesta, Gaspard de Coligny, kuma Paré ne ya yanke masa yatsan da harsashi ya lalata. Bayan kwana biyu aka kashe Coligny, aka shiga kisan kiyashin da ya ci dubban rayuka a Faris. Paré ya tsira, ya ci gaba da jinyar duk wanda aka kawo masa. Aƙidarsa a kan aikin, wadda ya maimaita a wurare da dama, ita ce nasa ɗaure rauni ne kawai, warkarwa ta Allah ce.

Takun-saƙa da malaman jami'a

A 1575 ya tattara rubuce-rubucensa a babban kundi guda. Malaman sashen likitanci na Jami'ar Faris suka tayar da ƙayar baya, suka kai ƙara don a hana sayar da shi. Hujjarsu ita ce bai nemi izininsu ba, ya shiga fannonin da ba na wanzami ba, ya kuma baje asirin likitanci da harshen da kowa yake ji. Ƙarar ba ta hana kundin fita ba. An sake buga shi sau da dama, aka fassara shi zuwa Latin da Jamusanci da Holanci da Ingilishi.

Jagoran masu adawa da shi, Étienne Gourmelen, ya fitar da littafi a 1580 yana sukar ɗaure jijiya, yana kare ƙonawa da wuta. Paré ya ba shi amsa a 1585 da tarihin yaƙe-yaƙen da ya halarta, gari bayan gari, majinyaci bayan majinyaci, yana nuna cewa tiyata a hannu da ido ake koyonta kafin a je ga littafi.

Shi ma ɗan zamaninsa ne. Ya yarda da wani man shafawa da ake dafawa da 'yan kwikwiyo da tana, kuma littafinsa a kan halittu masu ban al'ajabi cike yake da tatsuniyoyi. Amma inda ya sami damar gwaji, yakan bi sakamakon. A 1582 ya yi rubutu yana ƙaryata amfanin garin gawar Masar da ƙahon wata dabbar almara, magunguna biyu masu tsada da attajirai suke rububi.

Rasuwarsa

A 1590 rundunar Henri na Huɗu ta kewaye Faris na tsawon watanni, yunwa ta kashe dubban mutane. Marubucin tarihin birnin, Pierre de l'Estoile, ya ruwaito cewa Paré, yana tsoho mai kimanin shekara 80, ya tare Babban Limamin Lyon a kan titi, wanda yake cikin jagororin da suka ƙi sulhu, ya roƙe shi a bainar jama'a da ya dubi talakawan da suke mutuwa ya nemi zaman lafiya. Bayan an janye zoben da 'yan watanni, Paré ya rasu a ranar 20 ga Disamba, 1590. An binne shi a cocin Saint-André-des-Arts da ke Faris. A 1840 aka kafa mutum-mutuminsa a Laval.

Gadon da ya bari

Haɗin likita da mai sana'ar hannu da ya fara shi ne ya girma ya zama fannin injiniyancin kayan lafiya. A 1696 Pieter Verduyn na Holan ya fito da ƙafar ƙasan gwiwa da take barin gwiwa ta lanƙwasa. A 1861 James Hanger, ɗalibin injiniya da ya rasa ƙafa a yaƙin basasar Amurka, ya sassaƙa wa kansa wata mai motsi a gwiwa da idon sawu. A 1919 Otto Bock ya fara ƙera sassan ƙafa da yawa a masana'anta domin sojojin Jamus da yaƙi ya nakasa. A 1997 kamfanin da ya kafa ya fitar da gwiwa mai ƙaramar kwamfuta da take daidaita taku. Akwai kuma hannuwan da suke motsi da saƙon lantarkin da tsokar dungu take bayarwa.

Misalin da ya fi kusa da rayuwar manomin ƙasar nan ya fito ne daga Indiya. A 1968 likitan ƙashi P. K. Sethi da wani gwanin sana'ar hannu, Ram Chandra Sharma, suka lura cewa mutanen karkara suna jefar da ƙafafun da aka ƙera bisa tsarin Turai, domin an yi su ne don mai takalmi da kujera. Sai suka haɗa ƙafar Jaipur da roba da katako, wadda ake tafiya da ita ba takalmi, a tsuguna, a tanƙwashe, a shiga laka.

A Nijeriya, Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959, ya daɗe yana haɗa wa mutanen Arewa ƙafa da hannu na roba. A 2020 aka buɗe wata cibiyar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da tallafin ƙungiyar Red Cross ta duniya, saboda yawan waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gaɓoɓinsu. Bukatar ta fi ƙarfin abin da ake da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum 10 masu bukatar irin waɗannan kayan taimako, ɗaya ne kawai yake samu. Haɗarin babur da mota da ciwon suga suna ƙara yawan masu bukatar kullum. Likitocin ƙashi a asibitocin Arewa sun kuma sha nuna cewa ɗorin da aka ɗaure tamau har jini ya daina gudu, aka kuma yi jinkirin zuwa asibiti, yana cikin manyan dalilan yanke hannu da ƙafar yara.

Jihar Nasarawa ba baƙuwa ba ce ga wannan magana. Tsohon gwamnanta, Umaru Tanko Al-Makura, ɗan asalin Kwandere da ke kusa da Lafia, ya sha bayyana wa duniya cewa zazzaɓin Lassa ne ya taɓa masa ji, kuma da na'urar taimakon ji ya mulki jihar daga 2011 zuwa 2019. A zamaninsa aka gina makarantar yara masu bukata ta musamman a Lafia. A watan Janairun 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya.

Sai dai manomin doya a Kwandere da ya rasa ƙafa yana bukatar abin da doka kaɗai ba ta bayarwa. Yana bukatar ƙafar da za ta jure tudun doya da lakar damina, ta bar shi ya yi alwala ya zauna zaman tahiya. Dungu yakan rame, kwandon ya yi masa yawa, sai an gyara. Roba takan cinye, maɗauri ya tsinke. Yaro kuwa yana girma ne ƙafar tana nan yadda take, dole a riƙa sauya masa. Idan kowane ƙaramin gyara sai an yi doguwar tafiya zuwa wani babban birni, ƙarshenta a jingine ƙafar a lungu a koma ga sanda, wani ma ya koma bara.

Maƙera da masu walda da dukawa da masassaƙa suna nan a Lafia da kewayenta, kamar yadda Ƙaramin Balorene yake a Faris. Abin da Paré ya yi da nasa maƙerin shi ne ya zauna da shi, ya nuna masa yadda gaɓa take aiki, ya koyi yadda ƙarfe yake aiki, sannan ya rubuta abin da suka gano da harshen da masu sana'a suke ji.